Karatu da waya a Katsina: a shirya wa ranar da babu sabis, babu wuta

Karɓi wayar ɗalibi a Katsina ko Daura ka duba, da wuya ka rasa manhajar karatu uku ko huɗu a ciki. Akwai ta JAMB, akwai ƙamus, akwai ta koyon Turanci, akwai wadda shi kansa ya manta ranar da ya sauke ta. In ka tambaye shi yaushe rabonsa da buɗe su, amsar ba ta wuce uku: data ta ƙare, waya ta cika, ko babu caji. Ni ban ɗauki wannan a matsayin lalaci ba. Masu ƙera yawancin manhajojin nan suna zaune ne inda wuta ba ta yankewa, intanet kuma ba a auna shi da cokali, mu ko lissafinmu daban ne. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, ciki har da Dutsin-Ma da Funtua da Malumfashi, aka kwashe watanni a haka. A farkon 2025 kuma hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Saboda haka shirin karatu da waya da bai tanadi ranar da babu sabis ba, rabin shiri ne. Ƙa'idar guda ce: sauke sau ɗaya, kashe data, sannan ka zauna karatu.

Ita kanta wayar ba sai mai tsada ba, abu biyu ake dubawa, ram, wato inda waya ke riƙe aikin da take kan yi, da ma'aji, inda ake ajiye fayiloli. Mai ram gigabait 2 za ta buɗe littafi ta kunna bidiyo, amma ka bar shafin rajista ka je kwafo lamba a cikin saƙo, kafin ka dawo shafin ya sake lodi, duk abin da ka cike ya goge. Ba ta iya riƙe manhaja biyu a lokaci guda, sai ta kashe ɗaya. Gigabait 4 ya wadatar. In ka ga an rubuta "4+4" a kwali, na farkon ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajin wayar kuma ba shi da saurin na asali. Ma'aji mai gigabait 32 kuwa, tsarin wayar ya riga ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku tun tana kwali, don haka mai 64 ake nema in da hali. Wanda zai ƙara da mimori ya yi hattara, araha ba ta ado. Akwai na jabu da aka rubuta wa 64 alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Zai yi ta karɓar kaya kamar da gaske, sai ranar da ka buɗe ka tarar fayiloli sun lalace. Gwajinsa shi ne ka cika shi da bidiyo a ranar da ka saya, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe ka ga ko duk suna aiki.

Caji ma yana da lissafinsa. Fawa-bank da aka rubuta wa 10,000 ba zai cika waya mai batir 5,000 sau biyu ba, don wani kaso na wutar yana salwanta wajen juya ta daga wannan batir zuwa wancan. Sau ɗaya da 'yan kai za ka samu, da ƙyar ya kai ɗaya da rabi. Wanda ke kwana biyu ba a kawo wuta a unguwarsu, mai 20,000 ya kamace shi. Zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, shi ne babban abokin gābar batir, kuma a daidai lokacin ake shirin JAMB da WAEC. Kada a bar waya tana caji a ƙarƙashin matashi ko a taga inda rana ke dukanta, kada kuma a riƙa kallon bidiyo tana jone. Da hunturu kuma ƙura ke toshe ramin caji, mutum ya ɗauka wayar ce ta lalace. A kashe ta a sa tsinken sakace a hankali a ciro dattin, ban da allura ko wani ƙarfe.

Yanzu data. Mafi yawanta ba karatu ke cinye ta ba, ɓarayi uku ne da ke aiki kana barci. Na farko WhatsApp, wanda ke sauke kowane hoto, har da bidiyo in an bar saitin a buɗe, da aka jefo a zauren aji da na 'yan uwa da na unguwa ba tare da ya tambaye ka ba. Shiga saitinsa, sashen ma'aji da data, ka cire alama daga hoto da sauti da bidiyo da takardu a ƙarƙashin datar waya. Daga nan sai abin da ka taɓa da hannunka zai sauka. Na biyu Play Store, mai sabunta manhajoji da kansa, sai a hana shi ko a taƙaita shi ga wayfai. Na uku manhajojin da ke jan data a ɓoye ko ba ka buɗe su ba, maganinsu maɓallin tsimin data da ke cikin saitin Android. Kana iya duba ragowar datarka da *323# a kowane layi, ka sayi sabuwa da *312#. Ka duba kafin ka fara darasi da bayan ka gama na kwana uku a jere, za ka san ainihin abin da karatunka ke ci.

Bidiyo shi ne mai babban ciki. Awa ɗaya a YouTube a matakin 720p kan kai gigabait 1 ko ya wuce, a 360p kuwa kusan megabait 300 ne, kuma malamin da ke rubutu a allo ana ganinsa sarai a 360p. In ka sauko 144p ƙananan lambobi za su dushe, ka kasa bambance 3 da 8, ka ga an yi asarar datar gaba ɗaya. Kamfanoni suna da tsarin dare mai rahusa, da shi ake sauke darussan mako guda a tashi ɗaya. Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne a raba aikin. Ɗalibai biyar su haɗa kuɗi, ɗaya ya sauke littattafai da darussan da aka halatta saukewa, saura su karɓa ta Xender ko Quick Share, waɗanda ba sa taɓa data ko kaɗan. Mutanen Jibiya da Mai'adua da Zango da Baure kuma su lura da abu guda: kusa da iyaka waya kan kama layin Nijar da kanta, kuɗi su zurare ba a sani ba. A kashe datar ƙetare a saiti, a zaɓi kamfanin layin da hannu.

Handawut da allon malami kowa na ɗaukar su a hoto, amma hoto ɗaya na iya kai megabait 3 ko 4, shafi 40 ya zama sama da megabait 100 a warwatse tsakanin hotunan biki da na suna. Manhajar Google Drive tana da wurin ɗaukar takarda, haka ma Adobe Scan. A shimfiɗa takardar a wuri mai haske, a zaɓi baƙi da fari, shafukan duka su haɗu a PDF ɗaya da sau da yawa bai kai megabait 10 ba. Sai a sa masa suna tun a wurin: lambar kwas, sunan darasi, kwanan wata. Fayil ɗin da ba shi da suna daidai yake da wanda ya ɓata. Kowane asusun Google yana da gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke raba shi. In hotuna suka cika shi, imel zai daina shigowa, har da na makaranta. Mai rubuta furojet a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Al-Qalam ko Kwalejin Hassan Usman ya ajiye kowane babi a wuri uku, waya da Drive da filashi, domin waya ɗaya ana sace ta, tana faɗawa ruwa.

JAMB na buƙatar a tsaya a kanta, don a nan ne yaranmu da yawa ke faɗuwa ba don rashin sani ba. Tun 2015 jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne a cikin minti 120, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da ya saba amsa tambaya yana kwance, yana leƙa amsa bayan kowace ɗaya, bai shirya wa wannan ba. Manhajar tsofaffin tambayoyi da ta cancanci wuri a wayarka ita ce mai aiki babu data, mai agogo, mai ba da darussa huɗu a zama ɗaya, mai kuma bayanin yadda aka samo amsa. Sau ɗaya a mako a zauna awa biyu cur, babu tashi, babu amsa kira. Bayan an gama, duk tambayar da aka faɗi a rubuta ta da biro a littafi na musamman tare da dalilin faɗuwar: rashin sani ne, gaggawa ce, ko Turancin tambayar ne ya rikita ka. Bayan wata ɗaya wannan littafin zai nuna maka inda ciwonka yake fiye da kowace manhaja. Kada kuma ka ɗauki amsar manhaja kamar yankan wuƙa, mutane ne suka shigar da su kuma akwai kurakurai. In amsa ta saɓa wa littafinka, kai wa malami. Manhajar karatun kowane darasi, wato silabas, tana shafin JAMB kyauta, da ita ake auna abin da za a karanta da wanda za a bari.

Sai dai taɓa gilashin waya daban, zama gaban kwamfuta daban. A ɗakin jarrabawa ana iya yin komai da 'yan maɓallai: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai ɓata minti goma na farko yana rawar hannu. A kai shi cibiyar kwamfuta sau biyu ko uku kafin ranar, a kuma yi masa rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa. Kuɗin da za a kashe bai kai na sake shekara ba.

Rajistar ma akwai inda take cizo. Ana farawa da tura NIN, wato kalmar NIN sai tazara sai lambobinta 11, zuwa 55019 ko 66019, a samu lambar shaida. Kuɗin kira ake cira, don haka layin da data kaɗai ke ciki ba zai tura ba. JAMB na ɗauko suna da ranar haihuwa ne daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, saboda haka in a can an rubuta Muhammad a takardar sakandare kuma Mohammed, ko an juya sunan uba da na kaka, a gyara tun kafin rajista. Layin da aka tura saƙon da shi ya zama na ɗalibin ne ko na gidansu, domin da shi za a duba sakamako ta tura UTMERESULT, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan karɓe ya sayar wa wani. Imel ma haka. Kada ka yarda mai shago ya sa nasa don sauri, ko ya buɗe maka ya riƙe kalmar sirri. Ta shafin CAPS na JAMB ake karɓar gurbin karatu, kuma mai neman lamunin karatu na gwamnati, NELFUND, daga baya zai sake buƙatar lambar JAMB da NIN da BVN. Rubuta imel da kalmar sirri a takarda a ajiye tare da takardun makaranta.

Manhajar da na fi so ɗalibai su sani, kuma kaɗan ne suka san ta, ita ce AnkiDroid. Kyauta ce, ba ta bukatar data. Aikinta ba baƙo ba ne ga duk wanda ya yi makarantar allo. Mai hadda ya san ba a wanke allo a tafi ke nan, sai an yi ta tishi, abin da ya zauna a jinkirta shi, wanda ke kuɓucewa a dawo masa gobe. Haka take yi. Kana rubuta tambaya a fuskar kati, amsa a bayansa. In ta nuna maka tambaya ka amsa a zuciyarka kafin ka buɗe, sannan ka gaya mata gaskiya, ka tuna ko ka manta. Wanda ka tuna za ta ɗaga shi zuwa kwanaki, daga baya makonni, wanda ka manta ta dawo da shi nan kusa. Kurakurai biyu ke kashe amfaninta. Na farko cusa sakin layi guda a kati ɗaya. Kati ɗaya, abu ɗaya: alamar sinadari, ma'anar kalma, shekara, sunan ƙashi. Na biyu zari. Sabbin katuna 20 a kullum za su tara maka bita kusan 200 a rana nan gaba, ka yi fashin kwana huɗu ka tarar da tulin da zai sa ka gudu. Fara da 10, kuma ka rubuta su da kanka daga darasin ranar, don rubutawar ma karatu ce. Ɗaliban kiwon lafiya da na shari'a da na Larabci za su fi kowa cin moriyarta. Lissafi da fiziks kuwa kati ba ya koyar da su, sai an zauna da biro an warware.

Wuraren samun darasi suna da yawa, zan ambaci waɗanda suka dace da aljihunmu. Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, kyauta ce, tana bin manhajar firamare da sakandare ta ƙasa, kuma akwai darussa da Hausa. Khan Academy na da ƙarfi a lissafi da kimiyya, ana sauke bidiyonta a cikin manhajar, amma atisayen sai da data. uLesson ta biyan kuɗi ce kuma an gina ta a kan jarrabawowinmu, sai dai a gwada ɓangaren kyauta a ga ko yaron zai zauna da ita kafin a biya. Ɗan jami'a ya sani cewa Jami'ar NOUN ta zuba littattafan kwasa-kwasanta a shafinta kowa na iya saukewa, OpenStax kuma na da manyan littattafan kimiyya da tattalin arziki kyauta. GeoGebra na zana jadawalin lissafi babu data. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji tana iya sauke gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Colorado da ke Amurka, yaro ya haɗa batir da ƙwan fitila a allo ya ga abin da ke faruwa in ya ƙara waya ko ya rage. Kiwix kuma na ajiye Wikipedia cikin waya, har da ta Hausa. Kada a sauke su duka. Biyu ko uku da ake buɗewa kullum sun fi goma da ke cin wuri.

Lakca ta Zoom ko Google Meet: kashe kyamararka, rufe makirfo sai za ka yi magana. Murya da rubutun da malami ke nunawa ba sa cin komai in an kwatanta da fuskoki talatin suna motsi. Malamai kuma su sani Zoom na kyauta na yankewa a minti 40, kuma saƙon murya na minti 15 haɗe da PDF ya fi isa ga ɗalibin ƙauye da matar aure da ke karatu tsakanin girki da raino, don kowa zai saurara lokacin da ya samu sarari.

Ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da Gemini da Meta AI da ke cikin WhatsApp, ta shiga hannun kowa, hana ta ba zai yiwu ba. Tana da amfani in ka ce ta sauƙaƙa maka sakin layi mai wuya, ko ta yi maka tambayoyi goma a kan babin da ka karanta, ko ta nuna maka matakin da ka kauce a lissafi. Amma tana shirya magana ne bisa abin da ya yi kama da daidai, shi ya sa take ƙago sunan littafi da marubuci da shekara waɗanda babu su a duniya, kuma ta faɗe su babu ko ɗar. Duk madogarar da ta ba ka, nemo ta a Google Scholar ka buɗe da idonka kafin ta shiga furojet. Aya ko hadisi ko hukuncin fiƙihu kuwa kada a karɓa daga gare ta sai an koma littafi da malami. Wanda ta rubuta masa aiki sukutum, ranar kare furojet tambaya biyu ta isa ta fallasa shi, kuma ko ya tsira ya fita da takarda babu ilimin. Fassarar Google Translate ma, wadda ana iya sauke Hausarta a yi aiki babu data, ta kalma ɗaya ko gajeriyar jimla ce, a dogon zance tana karkacewa. Ɗaliban sashen Hausa su ƙara harshen a allon rubutu na Gboard don samun ƙ da ɗ da ɓ, kada "ƙasa" ta koma "kasa" a takardar da za a ba maki.

Akwai damfara guda da ta addabi zaurukan aji. Wani zai kira ka da ladabi ya ce an shirya lakca ta intanet, an turo maka lamba shida, ka karanto masa don a sa ka. Lambar WhatsApp ɗinka ce. Kana faɗa ya ƙwace asusun, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka wurin 'yan uwa. Kunna tabbaci mai mataki biyu a saitin WhatsApp yau, minti biyu ne, kuma kada ka ba kowa lambar da ta shigo wayarka. Masu cewa za su ƙara maki a JAMB ko su sayar da tambayoyin gobe ƙarya suke, haka hanyoyin "data kyauta ga ɗalibai" da ake turowa. Manhaja kuma daga Play Store ake sauke ta, in ta karatu ce ta nemi izinin karanta saƙonninka ko lambobin mutanenka, hana ta.

Saura abin da ya fi duka wuya, wato wayar da ke ɗauke da littafin ita ce ke ɗauke da TikTok. Kashe data ya rage rabin fitinar. Ga sauran, a saitin Android akwai Digital Wellbeing, inda za ka zaɓi manhajojin da za su kulle na awannin da ka ware, misali daga bayan asuba zuwa ƙarfe bakwai, lokacin da gari ke da sanyi kuma kai bai cika ba. Iyayen da yaro ko yarinya ke aron wayarsu su zauna tare a sauke darussan mako, a kashe data, a ba da wayar na awa ɗaya ko biyu a tsakar gida. Hana 'ya mace waya gaba ɗaya alhali ita ma kwamfuta za ta fuskanta ranar JAMB tauye ta ne, sa ido ya fi. In an karɓi wayar, a ce ta kawo littafinta a ga abin da ta rubuta daga darasin, ko shafi ɗaya ne, da tambayoyin da ta faɗi da waɗanda za ta kai wa malami gobe.